Yadda Ake Kallon Haikalin Kantaji da Idon Magini

Yawancin mutanenmu da suka isa gaban haikalin Kantaji na mabiya addinin Hindu, can arewacin Bangaladash, ba sa daɗewa. Su ɗauki hoto, su ce ikon Allah, su koma mota. Ban ga laifinsu ba. Ginin cike yake da siffofi tun daga gindi har sama, ido ya rasa inda zai sauka, kuma Musulmi idan ya tsinci kansa a wurin bautar da ba nasa ba dama ba ya son ya jima. Sai dai ni zanen gini nake koyarwa a nan Kaduna, kuma a sana'armu bango malami ne, ko wane ne ya gina shi. Ina rubuta wannan ne saboda yaranmu da ke karatu a Dhaka da Gazipur, da iyayen da kan je bikin kammala karatunsu kamar yadda na je na ɗan ƙanwata, da kuma ɗalibaina da sai dai su ga wurin a hoto. Tsarin kallon duk ɗaya ne.

Bari mu gama da maganar hanya tukuna. Haikalin yana ƙauyen Kantanagar, kimanin kilomita 20 arewa da garin Dinajpur, a gefen kogin Dhepa. Daga Dhaka ko dai ka hau jirgin ƙasa zuwa Dinajpur, wanda zai cinye maka yini ko dare guda, ko ka hau jirgin sama zuwa Saidpur ka ƙarasa da mota. Ka je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da damina ta ɗauke. A Disamba da Janairu ana tashi da hazo mai kauri da sanyi, don haka ka tafi da rigar sanyi, kada kuma ka yi sammako fiye da kima, rana ba za ta fito maka da wuri ba. Wajejen Nuwamba akwai bikin Ras, da kasuwar baje koli da ke ci kusan wata guda. In mutane kake son gani, lokacin ke nan. In gini ka zo gani, kauce masa. Ka riƙe littafin zane, fensir, ƙaramar tocila, da takalmin da ba ya wahalar cirewa.

Karatun yana farawa tun a mota. Ka riƙa leƙen gonakin shinkafa da gidajen ƙauye, ka kuma lura da abin da babu: dutse. Ƙasar Bengal, wato Bangaladash da yankin Indiya da ke maƙwabtaka da ita ta yamma, laka ce da manyan koguna suka kwaso suka shimfiɗa, za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga ko fā guda ba. Wanda ya saba da hanyar Kaduna zuwa Kajuru ko Kagoro, inda duwatsu ke tsaye ko'ina, zai ji abin baƙo. Magini a can yana da yumɓu, yana da gora, yana da ciyawa, yana da itacen wuta, kuma yana da ruwan sama da ya fi namu nesa ba kusa ba, ga ambaliya. Ginin ɗanyar ƙasa irin namu, na tubali da azara da makuba, ana iya riƙe shi a Zariya saboda rani mai tsawo da yaɓen da ake sabuntawa. A can duk wanda yake son gininsa ya wuce jikokinsa dole ya sa ƙasar a wuta. Shi ya sa masallatansu da haikalansu da kaburburan sarakunansu kusan duk jan bulo ne.

Sannan ka dubi rufin bukkokin da suka rage, waɗanda kwano bai ci ba tukuna. Jinkarsu ba zagaye take kamar tamu ba. Mai kusurwa huɗu ce, kuma bakin rufin a lanƙwashe yake: tsakiya ta ɗaga, kusurwoyi sun sunkuya ƙasa. Gora ce aka tanƙwara don ta yi ƙarfi, ruwa kuma ya gangara da sauri ta gefe. Ka zana wannan lanƙwasa a littafinka kafin ka iso, don ita za ka tarar a jikin haikalin, an mayar da ita bulo.

Da ka shiga farfajiya kada ka nufi bango. Na san hannunka da idonka can za su ja ka, amma ka koma baya har sai ginin duka ya shiga idonka. Abin da za ka gani murabba'i ne, kowane gefe kusan mita 16, a kan dakalin dutse mai tsayin kamar mita guda. Hawa uku ne, kowane hawa ya fi na ƙasansa ƙanƙanta. Kowace fuska tana da ƙofofi uku masu baka, ginshiƙai biyu gajeru masu kauri sun raba su. Ka bi layin saman hawa na farko da ido, za ka ga bai miƙe ba, ya yi doro a tsakiya ya sauka a gefe. Ga bukkar manomi nan. Bulo ba ya buƙatar wannan lanƙwasar don ya tsaya, wahala ma take ƙara wa magini, tunda kowane layi na sama sai an bi shi da awo. Sun yi ta ne saboda a idonsu haka ɗaki yake.

Dutsen dakalin ma abin tambaya ne a ƙasar da ba dutse. Ana cewa daga kangon tsohon birnin Bangarh aka ɗebo shi, wanda yanzu yake tsallaken iyaka a ɓangaren Indiya. Sun sa abu mai tsada a inda ya fi amfani, wato tsakanin danshin ƙasa da bulo.

Muna tsaye a nan ne ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, wannan ai kamar ba a ƙarasa shi ba." Idonsa ya ga daidai, saman ginin a gundule yake. An ƙarasa shi, hasumiyoyinsa ne suka zube. Tara ne a da: huɗu a kusurwoyin hawa na farko, huɗu a kusurwoyin na biyu, ɗaya babba a tsakiya can ƙoli. Irin wannan tsari suna kiransa nabaratna. Girgizar ƙasar da aka yi ranar 12 ga Yuni 1897, wadda cibiyarta take wajen Assam a Indiya, ita ta kayar da su, shekara shida kafin Turawa su ci Kano. An gyara jikin ginin daga baya amma ba a mayar da hasumiyoyin ba. Akwai hoton da aka ɗauka a 1871 yana nuna su tsaye, kuma yana nan a intanet. Ka sauke shi a wayarka tun kana gida, ka ɗaga shi a gaban ginin ka gwada. Daga nan ka zana abin da ke gabanka, ka ɗora hasumiyoyin da layi mai ɗigo-ɗigo. Nan za ka gane cewa hawa-hawan da aka yi ba ado ba ne kawai, kowane ja-da-baya wurin zaman hasumiya ne. Za ka kuma gane dalilin da ya sa su ne suka faɗi jikin ya tsira: dogon abu siriri mai nauyi a sama shi girgiza ke fara karyawa, alhali gindin mai faɗi ne, bangayensa masu kauri, an ɗaure su da juna ta ciki.

Yanzu ka zagaya shi kana ƙirga taku, ka zana shimfiɗarsa. A tsakiya akwai ɗan ɗaki murabba'i, kimanin mita 3, nan ne mazaunin gunkin. Baranda ta kewaye shi ta kowane gefe, da ƙananan ɗakuna a kusurwoyi waɗanda su ne suke ɗauke da nauyin hasumiyoyin. Ɗalibaina kullum sukan yi mamakin ƙanƙantar ɗakin tsakiya, don sun saba da masallaci inda faɗin ciki shi ne komai, sahu bayan sahu. A wurinsu ɗakin na abin bautar ne, jama'a a waje suke taruwa, a farfajiya, suna waƙe suna zagayawa. Wannan shi ya sa aka zuba dukan gwaninta a bangon waje, nan idon mutane yake.

Ka ɗaga kai a cikin baranda ka dubi yadda aka rufe ta, ka kuma dubi bakan ƙofofin. Wanda ya san masallaci zai ji kamar ya san wannan hannun, kuma ya san shi ɗin. Baka da ƙubba da rufin bulo mai lanƙwasa sun bunƙasa a Bengal ne a zamanin sarakunan Musulmi, tun kafin a gina Kantaji da ƙarnuka. Kabarin Eklakhi da ke Pandua, na farkon ƙarni na 15, yana cikin gine-gine na farko da aka yi wa wannan lanƙwasasshen bakin rufi da bulo, kuma an yi masa ado da gasasshen yumɓu. Masallacin Bagha na 1523, zamanin Sultan Nusrat Shah, jikinsa duk furanni ne da 'ya'yan itace na yumɓu. Da sarakunan gargajiya na Hindu suka samu dukiya da sarari a ƙarni na 17 da na 18, fasahar da suka tarar a ƙasa ita suka ɗauka, suka ƙara mata hasumiyoyi da siffofin mutane. Duk wanda ya ce maka wannan gini bai shafi tarihin ginin Musulmi ba, bai ɗaga kai a barandar ba.

Ka nemi rubutun da ke jikin ginin, ko da ba za ka iya karanta shi ba. Cikin harshen Sanskrit yake, kuma shekarar da ke ciki ta lissafin Saka ce. Mu da muka saba juya Hijira zuwa Miladiyya wannan ba zai ba mu wahala ba, ya ma fi sauƙi, don shekarar rana ce: ka ƙara 78 kawai. Saka 1674 ta zama 1752. Maharaja Pran Nath, mai mulkin ƙasar Dinajpur a ƙarƙashin daular Mughal ta Musulmin Indiya, shi ya fara aikin, ɗan riƙonsa Ramnath ya kammala. Za ka ga littattafai sun saɓa, wasu su ce daga 1704 zuwa 1722, wasu su ce daga 1722 zuwa 1752. Ni na fi karkata ga na biyun saboda rubutun jikin bango. Idan haka ne, an gama ginin shekara biyu kafin a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kuma shekara biyar kafin yaƙin Plassey na 1757, wanda ya buɗe wa kamfanin Ingila ƙofar mallake Bengal. Ka riƙe wannan a ranka, don mutanen da za ka gani a layin ƙasa na bangon suna rayuwa ne a ƙarshen wani zamani ba su sani ba.

To yanzu ka matso. Wannan shi ne wurin da ya cancanci mafi yawan lokacinka, kuma akwai dabara. Kada ka fara daga daidai idonka. Tsuguna ka fara daga layin ƙasa, ka bi shi a kwance har ƙarshen fuskar, sannan ka hau na samansa. Dubban allunan yumɓu ne, yawancinsu ba su wuce tafin hannu ɗaya ko biyu ba, amma an jera su sahu-sahu, kuma kowane sahu da aikinsa.

Layukan ƙasa na duniya ne, kuma ni su na fi so. Ayarin farauta da giwaye da dawaki da raƙuma. Masu sarauta cikin riguna da rawunan Mughal. Wani attajiri ya kishingiɗa yana zuƙar lofen ruwa, irin wanda yaran yanzu ke kira shisha, barori na tsaye a kansa. Wani an ɗauke shi a kafaɗa cikin ɗan akwatin tafiya. Keken shanu. Dogayen jiragen ruwa cike da masu tuƙi da makaɗa. Sojoji, har da Turawa da hulunansu da bindigoginsu. Mai sassaƙan bai rubuta tarihi ba, abin da yake gani a hanya da kogi ya sa, amma in kana son ka san yadda ake ɗaura sirdi ko yadda ake zama a jirgi a Bengal shekara ɗari uku da suka wuce, ga shi nan. Ka zaɓi allo ɗaya ka zana shi. Hoto ba zai tilasta maka ka lura da yadda ya cusa giwa da mahayinta da mai mashi cikin wurin da bai kai faɗin littafinka ba, fensir zai tilasta maka.

Sama da nan labaran addininsu ne, daga Ramayana da Mahabharata da rayuwar Krishna, wanda don shi aka gina wurin. Ba sai ka san labaran duka ba, 'yan alamu sun isa ka bi zaren. Mai busa sarewa, ƙafa ɗaya a harɗe kan ɗaya, shanu ko mata masu tatsa kewaye da shi, Krishna ne. In ka ga yaro yana yaga bakin ƙaton tsuntsu ko yana taka kan maciji, shi ne dai, a labaran ƙuruciyarsa. Mai kai goma da hannaye barkatai Ravana ne. Mai kwari da baka tare da rundunar birai Rama ne, babban birin kuma Hanuman. Inda ka ga ƙaton tsuntsu ya tare keken doki, labarin sace Sita matar Rama ne, tsuntsun yana ƙoƙarin ƙwato ta. Wanda ya taso yana kallon finafinan Indiya, kamar yawancinmu a Kaduna, sunayen nan ba baƙi ba ne a kunnensa. Dalilin da ya sa Krishna ya mamaye haikalan Bengal na wannan zamani shi ne wani mai wa'azi, Chaitanya, da aka haifa a 1486, wanda ya yaɗa bautar Krishna ta hanyar waƙa da taro har ta kama talaka da basarake.

Tsakanin sahun labarai akwai siraran layuka na furanni da ganye da zanen lissafi, su ne suke ɗaure bangon kada ya zama hayaniya. Ka gwada rufe su da hannu a hoto ka ga yadda komai zai cakuɗe. Magininmu na Zariya da ke zana dagi a fuskar zaure ya san wannan, shi ma sai ya ja iyaka kafin ya cika ciki.

Maganar haske. Da tsakar rana bangon lafewa yake, siffofin su mutu. Ka kalli fuskar gabas da hantsi, ta yamma bayan la'asar, lokacin da rana ke zuwa a karkace tana jefa inuwa cikin kowane tsagi. A cikin baranda inda duhu yake, ka riƙe tocila a gefe, kusan a manne da layin bango, kada ka haska kai tsaye.

Da tocilar za ka amsa tambayar da na fi son ɗalibi ya yi: yaya aka yi shi? Ka nemi furanni biyu makusanta ka gwada su. In sun yi daidai har da ɗan lahani iri ɗaya, daga mazubi ɗaya suka fito, an danna yumɓu a ciki an fitar. Sannan ka gwada mutum biyu ko doki biyu. Za ka ga ba su zama ɗaya ba, don waɗannan da hannu aka yi su, an sassaƙa yumɓun ne bayan ya sha iska ya yi tauri amma bai bushe ba, daidai lokacin da wuƙa ke yankarsa ba ya manne mata. Wani wuri za ka ga an yanka ta ƙarƙashin hannu ko ƙafa har ta rabu da allon, abin da mazubi ba zai iya ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki lissafin ne. Yumɓu yana tsukewa in ya bushe, ya ƙara tsukewa a wuta, kusan kashi ɗaya cikin goma, gwargwadon irin ƙasar. Ke nan kowane allo sai an yi shi ya fi gurbinsa girma, da sanin nawa zai ragu. Ka dubi allunan da ke bin bakan ƙofa ko lanƙwasar rufi, ba murabba'i ba ne, kowanne an yanka shi da karkatar da ta dace da mazauninsa shi kaɗai. Dole an tsara fuskar gaba ɗaya tun yumɓu yana ɗanye, an san wane zai zauna ina, aka gasa, aka dawo aka jera. Duk wanda ya taɓa sa tayil a bene mai lanƙwasa ya san abin da nake nufi, shi kuwa yana da injin yanka.

Launin ma yana magana. Jan yana zuwa ne daga ƙarfen da ke cikin ƙasar idan wuta ta samu iska sosai. Inda ka ga allo ya yi duhu ko baƙi-baƙi, hayaƙi ya rufe shi ko iska ta yi masa ƙaranci. Inda wani ya guntule ka ga cikinsa baƙi, wutar ba ta ratsa shi ba, kuma irinsu ne suke fara marmashewa. A kasuwa mukan ƙwanƙwasa tukunya mu ji ƙararta kafin mu saya. A nan kada ka kuskura. Kada ka ƙwanƙwasa, kada ka shafa, kada ka jingina. Hancin siffofin da ke daidai hannun mutane duk sun lafe saboda shafa.

Abin da ya riƙe bulon ba siminti ba ne. Farar ƙasa ce da aka ƙona, aka kwaɓa da garin jan bulo da aka daka, suna ce masa surki. Wannan haɗi yana kamawa a hankali, yana jure danshi, kuma ya fi bulon taushi, saboda haka in gini ya motsa shi ne yake tsagewa ya bar bulon lafiya, ruwan da ya shiga bango kuma yana samun hanyar fita ta jikinsa. Ka bi gindin bango ka nemi farin gari kamar kanwa. Gishiri ne da danshi ya hauro da shi daga ƙasa, in ya bushe a cikin ramukan yumɓun sai ya kumbura ya ɓarke fuskar allon. Shi ne babban maƙiyin irin wannan gini. Na biyu itace ne, dangin ceɗiya da durumi, da tsuntsu ke kai irinsu saman rufi, saiwar ta bi layin farar ƙasa ta raba bango biyu. Kantaji yana samun kulawar hukumar adana kayan tarihi ta ƙasar, don haka ba za ka ga wannan sosai ba, amma ƙananan haikalan ƙauye da yawa haka suka ƙare. Na uku kuwa mai gyara ne da buhun siminti. Siminti yana toshe hanyar danshi, ya tura gishirin cikin bulo, bayan 'yan shekaru ya ɓanɓaro da fuskar gaba ɗaya. Wannan ba sai na je Bangaladash na gani ba. Ku zaga cikin birnin Zariya ku ga gidajen ƙasa da aka yi wa filasta da siminti, ku leƙa bayan ɓawon ku ga yadda bangon ya rube. Ina ganin mun rasa gidaje da yawa ta hannun masu son gyara fiye da ta hannun damina.

Wurin har yanzu ana bauta a cikinsa, saboda haka akwai ladabi. Cire takalmi kafin ka hau dakali. Ɗakin tsakiya ba naka ba ne, ba ka da abin yi a ciki, kuma duk abin da ka zo gani yana waje. In an miƙo maka abincin da aka yi sadakarsa ga gunki, ka dafa ƙirji ka yi godiya ka wuce, sun saba da baƙi Musulmi. Kada ka ɗauki hoton mai ibada ba da izininsa ba, kada kuma ku tsaya kuna dariya da Hausa kuna nuna siffofi da yatsa, raini ba ya buƙatar tafinta. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da zuwa ba ya tambayi malaminsa tun kafin ya sayi tikiti, kada ya je yana ɓata wa abokan tafiya rai.

In azahar ta yi, masallacin Nayabad yana nan kusa, tafiyar 'yan mintuna a keke mai ƙafa uku. An gina shi a 1793, ƙarami ne mai ƙubba uku, da hasumiya a kowace kusurwa, shi ma da allunan yumɓu na furanni a jikinsa. Mutanen wurin suna cewa maginan Musulmi da suka yi aikin haikalin ne suka zauna a ƙauyen suka gina wa kansu. Tsakanin gine-ginen biyu akwai shekara arba'in ko fiye, don haka in labarin ya tabbata sai dai 'ya'yansu ko jikokinsu. Ka yi sallarka, sannan ka fito ka gwada furen da ke bangonsa da wanda ka zana da safe.

Wanda hanyarsa ta bi ta Kolkata a Indiya maimakon Dhaka, ya nufi Bishnupur a gundumar Bankura, tafiyar awa uku zuwa huɗu a jirgin ƙasa. Can ne za ka ga abin da Kantaji ya rasa. Haikalin Shyam Rai na 1643 yana nan da hasumiyoyinsa biyar. Jor Bangla na 1655 kuwa bukka biyu ce aka manna gefe da gefe, da doron rufinsu da komai, aka ɗora ɗan ɗaki a sama, duk da bulo. Sarki Raghunath Singha na gidan Malla ne ya gina su biyun. Madan Mohan na 1694 mai hasumiya ɗaya ne. A can lissafin shekara na gidan sarautar ne, sai ka ƙara 694: in ka ga 949, ita ce 1643. Kuma yankin yana da marmara, irin jan dutsen da muke haƙa a nan, saboda haka wasu haikalan da ita aka yi su. Ka sa su kusa da na bulo ka gani: marmara tana da ramuka, ba ta karɓar sassaƙa mai laushi, sai aka shafe ta da farar ƙasa aka yi adon a kai, adon kuma ya fi saurin zubewa.

Ɗalibaina da ba za su je ko'ina ba, ga aikinku. Ku je gidan tarihi da ke kan titin Ali Akilu ku tsaya gaban kawunan Nok na gasasshen yumɓu. Daga ƙasar Jaba suka fito, a jihar nan, an fara tono su a 1928 wurin haƙar kuza, kuma sun girmi Kantaji da kusan shekara dubu biyu. Ku lura cikinsu rami ne, an gina su kamar tukunya, an huda ido da hanci da baki, hudar da ke barin tururi ya fita kada wuta ta fasa su. Mai allon Bengal ya magance wannan matsala ta wata hanya, ya yi allonsa siriri yadda zai bushe har ciki. Daga nan ku samo yumɓu wurin masu tukwane, ku yi allo huɗu masu faɗin santimita 20, ku auna, ku zana layi ɗaya mai lanƙwasa da zai ratsa dukansu, ku bar su su bushe a inuwa, ku ba mai tukwane ta gasa muku tare da kayanta. Ku sake aunawa, ku jera su, ku kawo mini in ga ko layin ya haɗu.